Ranar da Yaya Ta Gyara Ɗaki

Duk wanda ya leƙa ɗakin Auta zai ce mai ɗakin ba ta iya shirya kaya ba. Fulas ɗin ruwan zafi yana can saman kabad, inda ita kanta sai ta yi ɗage kafin hannunta ya kai. Wuƙa da almakashi suna cikin wata tsohuwar jaka a rataye bayan ƙofa. Kwalaben magani kowace da robar da aka ɗaure mata a wuya, wannan ɗaya, waccan biyu. Kujeru duk an manna su da bango, tsakiyar ɗaki fayau kamar za a tashi daga gidan. Amma Auta makauniya ce tun tana ƙarama, kuma babu abin da ke ɗakin nan da ya zauna a inda yake ba tare da dalili ba.

Babban dalilin kuwa shi ne 'yarta, wadda ake kira Tsuntsuwa saboda surutu. Yarinyar ba ta daɗe da fara gudu ba, hannunta kuma ba ya ganin abu ya ƙyale. Auta ta ɗaura mata 'yan ƙararrawa a ƙafa. Ko tana kicin ta san inda yarinyar ta nufa, ƙofa ce ko banɗaki, in kuma ƙararrawar ta yi shiru to ta san ana can ana ɓarna, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta bi sawu. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Ita kuma tana amsa waya a ofishin wani kamfanin motocin haya, maƙwabciyarta ce ke riƙe mata yarinyar har ta taso. A ofis Madam ake ce mata. A gidansu kuwa, da aurenta da 'yarta da albashinta, har yau Auta ce, wadda ake tambaya ko ta ci abinci ta bakin wanda ke kusa da ita.

Ran wata Asabar tana shirin tafiya taron ƙungiyarsu ta naƙasassu, sai ga yayarta ta yi sallama.

"Ina kuma za ki da yarinya cikin ranar nan? Je ki abinki, bar min ita."

Auta ta ji daɗi har ranta. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Yaya, don Allah kada ki taɓa min komai a ɗakin."

"Ji min yarinya! Me kike da shi da zan taɓa?"

A wurin taron, kamar kullum, Lauya ce ta riƙe fili. Ba lauya ba ce, tela ce, a keken guragu take yawo tun shan inna ta kama ta tana goye, amma baki gare ta kamar me, shi ya jawo mata sunan. Ranar a kan asibitin unguwa take ta faɗa, wai an yi wa keke hanya a ƙofar shiga, an kuma dasa tukwanen fulawa a kan hanyar don a yi ado.

"Ni ƙafata ba ta taɓa hana ni shiga ko'ina ba," in ji ta, tana dukan hannun kekenta. "Matakala ce ke hana ni, matakala kuwa mutum ne ya gina ta. Kuma ku rabu da mugu, mugu ka san shi ka kauce masa. Ku ji tsoron mai tausayi wanda ba ya tambaya."

Auta ta yi dariya tare da kowa. Gaskiyar magana ita hira ce ke kawo ta taron nan, a ranta kuma tana ganin Lauya ta cika zafi. Mutane ai ba su kai haka ba. Nata dangin dai ba ta da abin cewa a kansu.

Da la'asar ta dawo gida. Tun daga ƙofa ƙamshin sabulu da na turare ya tare ta, taku biyu ta yi ƙaurinta ya daki gefen tebur, a tsakiyar ɗakin da ba a taɓa ajiye komai ba.

"Yauwa, kin dawo," in ji Yaya, ana jin tana neman takalmi. "Mota na jira na. Na ɗan gyara miki ɗakin, yanzu ya zama kamar na mutane. Ba sai kin gode ba."

Kafin Auta ta gama shafa ƙafarta, ƙofa ta rufe.

Ta kira Tsuntsuwa. Ta ji ƙananan ƙafafu sun taho da gudu, tim-tim-tim, babu ko ƙaramin kacau. Ta ɗauke ta ta shafa idon sawunta, wayam. Ta sauke ta, ta nufi kabad ta yi ɗage, hannunta ya sauka a kan wata fulawar roba. Babu fulas.

"Tsuntsuwa, zo nan! Zo wurin Mama!"

Shiru. Ta durƙusa tana laluben ƙasa, tana cin karo da kujeru a inda babu kujeru da safe, a ɗakinta, ɗakin da ta san kowace kusurwarsa, yau ta koma baƙuwa a cikinsa. Tana cikin laluben ta ji ƙarar faɗuwar abu daga wajen gado, sannan ihun da ba za ta taɓa mantawa da shi ba. Yaya ta sauko da fulas ɗin ta ajiye shi a kan 'yar kujera kusa da gado, don kada ƙanwarta ta riƙa wahalar miƙa hannu sama. Ko murfin ba ta ɗaure da kyau ba.

Auta ba ta tsaya kuka ba. Ta sunkuci yarinyar ta yi banɗaki da ita, ta buɗe famfo ta tara hannun a ƙarƙashin ruwa kamar yadda aka koya musu a ƙungiya, tana ƙwala wa maƙwabciya kira ta taga. A asibiti nas ɗin ta duba hannun ta ce da sauƙi, ƙunar ba ta yi zurfi ba, ruwan sanyin da aka sa da wuri ya taimaka. Sannan ta juya wajen maƙwabciya.

"Yaushe abin ya faru?"

"Bayan la'asar," in ji Auta.

"Tana shan wani magani?" Nas ta sake tambayar maƙwabciya.

"Ba ta shan komai. Ni ce uwarta, ni za ki tambaya."

Nas ta rage murya, kamar wanda ba ya gani ba ya ji ma.

"Amma ku ma da ganganci. Wa ya bar yarinya ƙarama haka da makauniya?"

Auta ta haɗiye abin da ya taso mata, don hannun 'yarta yana hannun matar.

Ba a rufa mako ba Kawu ya kira ta a waya. Shi ne babba a dangi tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce ana nemanta gidan Inna ranar Asabar, ta taho da yarinyar da 'yan kayanta. Da ta ji maganar kaya ta san inda aka dosa. Ta kira mijinta, ashe Yaya ta riga ta.

"Su ma fa don Allah suke yi," in ji shi, ƙarar injin na neman danne muryarsa. "Ki bi su a hankali, kwana biyu ne, in na dawo sai mu san abin yi."

"Ka tambaye ni yadda aka yi ta ƙone?"

"To ai ƙaddara ce, wa zai ga laifinki?"

Ta kashe wayar. Wato shi ma ya gama yanke hukunci, har ya yafe mata laifin da ba ta yi ba. Ta daɗe a zaune ranta na tafasa, sannan ta kira Lauya ta zayyana mata komai.

"Zan zo," in ji Lauya.

"Maganar cikin gida ce fa."

"Tamu duk ta cikin gida ce. A gida ake fara gamawa da mu, kafin a kai ga asibiti da banki. Ba zan yi miki magana ba, bakinki ya ishe ki. Zan zauna ne kawai in kalla. Abu ɗaya zan ce miki, kada ki roƙe su. Wanda ya yi laifi ne ke roƙo."

Ranar Asabar suka iso tare, Auta da goyo da sandarta, babu wasu kaya. Falon Inna yana da matakala a ƙofa, nan keken Lauya ya tsaya.

"A kama ta a shigo da ita mana," in ji Kawu daga ciki.

"Ni ba buhu ba ce, Kawu. A ɗage labule kawai, daga nan ma ina ji."

Aka ɗage labule, ta gyara keken ta zauna daidai bakin ƙofa. Auta ta shiga ta gaishe su. Tsuntsuwa ta yi barci a hanya, sababbin ƙararrawa a ƙafarta, bandeji a hannu.

"Kawo ta ki huta," in ji Yaya, kafin ma a amsa mata ta kwance goyon.

Kawu ya yi gyaran murya, ya yi salati, ya fara da dogon bayani a kan zumunci. Da ya zo kan magana sai ya daina cewa ke.

"Ita Auta ta yi ƙoƙari, babu mai musu. Amma lalura lalura ce. Wannan karon hannu ne, gobe ba mu san me zai faru ba. Saboda haka mun zauna mun ga ya fi yarinya ta koma wurin yayarta, ita kuma duk lokacin da ta so a kawo ta ta gan... ta zo su gaisa."

"Kun zauna yaushe, Kawu?"

"Shekaranjiya."

"A kan 'yata. Ni ina ina?"

"To ai ga shi yanzu ana gaya miki."

Auta ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin yayarta.

"Yaya, a ina kika tarar da fulas ranar nan?"

"Ke wannan kuma wace irin tambaya ce?"

"A ina kika tarar da shi?"

"A saman kabad, inda ba mai hankalin da zai ajiye ruwan zafi. In ya zubo miki a ka fa?"

"A ina kika bar shi?"

"Taimakonki na yi! Ni da na wuni ina goge-goge har bayana ya ƙage!"

"Ƙararrawar fa?"

"Haba, ɗiyar mutum da ƙararrawa a ƙafa sai ka ce akuya? Mutane su ce me?"

"Mutane su ce uwarta ta san inda take!" Muryar Auta ta cika falon, ita kanta ba ta san tana da irinta ba. "Tun da na haifi yarinyar nan ko ƙwarzane ba ta taɓa yi a hannuna ba. Wuni ɗaya mai ido ta shiga ɗakina, na ce kada ki taɓa komai, kika taɓa komai, kika tafi ba ki gaya min ko abu ɗaya da kika matsar ba. Kin kwashe min idona kin zuba a shara, sannan kin zo kina cewa ba na gani!"

"Auta, yayarki ce fa," in ji Kawu.

"Na san yayata ce. Kawu, babban ɗanta tabon me ke cinyarsa? Ba man suya ne ya zubo masa ba, tana tsaye a kansa da idonta biyu? Na biyun fa, da ya faɗo daga bene ya karye? Wa ya kira taro? Wa ya ce ta kawo shi da 'yan kayansa? Jaje kuka je yi mata, har da ni aka ja aka kai. Ita in ɗanta ya ƙone tsautsayi ne, ni in tawa ta ƙone makanta ce."

Yaya ta fara shessheƙa, wai yau ita ake yi wa gori a kan alherin da ta yi. Kawu ya ce duk wannan ba shi ne ba, magana ce ta lafiyar yarinya, kuma manya sun riga sun gama.

Duk wannan abin Inna ba ta ce uffan ba. Sai yanzu Auta ta ji tashinta, ta ji ƙamshin man da take shafawa ya matso, ta ji ta zauna a gefenta ta kama hannayenta duka biyun. Tafin hannun Inna da ɗumi, da kaushin nan da ta sani tun tana yarinya. Nan take wani abu ya narke a ƙirjin Auta, hawayen da ta riƙe tun a asibiti suka zubo. Ko ba komai akwai mutum ɗaya nata a ɗakin nan.

"Yi shiru, 'yar auta, yi shiru," in ji Inna. "Allah ya huci zuciyarki. Allah ya yi miki albarka. Allah ya raya miki ita, ya kare ta daga wuta, ya kare ta daga ruwa..."

Addu'a take ta jerowa, muryarta na ƙara ƙarfi, Auta na cewa amin, amin.

"Auta!" Muryar Lauya ta faso daga ƙofa. "Ga yayarki nan za ta fita da yarinyar! Ta cire takalmi tana sanɗa, ta damƙe ƙararrawar a hannu!"

Auta ta yunƙura za ta miƙe. Hannayen da ke riƙe da nata suka ƙara matsewa. A nan ta gane abin da riƙon yake nufi, ta gane dalilin da ya sa addu'ar ke ta hawa sama.

"Inna, sake ni."

"Don Allah, 'yar nan, ki bari..."

"Sake ni!"

Ta fizge da ƙarfin da sai da tsohuwar ta yi baya. A ƙofa ana ta cacar baki. Lauya ta gicciye kekenta ta ja birki, babu ta inda ko kyanwa za ta bi.

"Baiwar Allah, matsa min in wuce!"

"Ki ɗaga ni mana, ai kun iya. Wallahi kika taɓa keken nan sai na tara muku unguwa, a zo a ga yadda ake satar yaro da rana tsaka. Jama'a! Ku fito ku gani!"

"Subhanallahi, wace sata kuma?" in ji Kawu. "Rufa mana asiri, baiwar Allah, mu da gidanmu."

Hayaniyar ta tashi Tsuntsuwa, ta tsala kuka tana kiran Mama, ta harba ƙafa, ƙararrawar ta kuɓuce daga hannun Yaya. Auta ta bi ƙarar kai tsaye, ko sanda ba ta ɗauka ba. Ta kama yarinyar ta ƙarƙashin hammata, tana kiyaye hannun mai ciwo. Yaya ba ta saki ba. A waje an fara jin buɗe ƙofofi da muryoyin maƙwabta.

"Ba ta 'yarta," in ji Kawu da sauri. "Ba ta, kada a tara mana mutane."

Aka sakar mata. Abin ya ƙara ƙona mata rai, don duk maganar da ta yi ba ita ta karɓo mata 'yarta ba, tsoron bakin maƙwabta ne. Ta sunkuya ta goya yarinyar, ta ɗaure zani tamau, ta lalubo sandarta a jikin kujera.

"Ku ji da kyau," ta ce. "Mai son ganin 'yata ya zo gidana, ya yi sallama, ya zauna inda na nuna masa. Mai son taimaka min ya tambaye ni me nake so. Wanda ya sake zama a kaina ba na wurin, ko ya sake miƙa hannu ga yarinyar nan ban sani ba, hukuma ce za ta raba mu, ko wane ne shi. In maigidana ya dawo shi ma zai ji nasa."

Lauya ta saki birki ta ja baya, ta ba ta hanya.

"Auta." Muryar Inna ce a bayanta, ta dishe da kuka. "Wallahi don ke na yi. Ina tsoron wata rana wani abu ya same ta, ki kasa yafe wa kanki."

Auta ta tsaya. Ta san gaskiya Inna take faɗa, kuma sanin bai rage mata komai ba.

"Da kin gaya min haka, Inna, da mun yi magana. Amma riƙe ni kika yi."

Ta nufi ƙofa. Inna ta biyo ta da sauri, don akwai matakala a gaba, kuma tun Auta na ƙarama ba ta taɓa sauka daga matakalar nan ba sai hannunta na cikin na uwarta. Yatsun tsohuwar suka taɓa wuyan hannunta. Auta ta janye hannun ta mayar da shi baya, ta tallafe goyonta da shi. Ta miƙa sanda ta nemo bakin matakalar da kanta, ta sauka.